Kwanson Harsashi: Sana'ar Da Ta Mutu A Bakin Kogin Shari

Duk wanda zai ba da tarihin N'Djamena da bindiga yake farawa, tunda da ita aka kafa garin. Ni kuwa da na tashi a gidan maƙera a unguwar Mardjan Daffack, na fi ganin labarin a jikin kwanson harsashi, ɗan tagullar nan da bindiga ke tofarwa bayan ta tashi. Kakanninmu Hausawa ne da suka nufi Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a nan, suka kafa uwar maƙera suka zauna. A zamaninsu samun bindiga bai kai ciyar da ita wuya ba.

Dalilin yana can Turai. A 1890 ƙasashen Turawa suka rattaba hannu a birnin Brussels a kan yarjejeniyar hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu. Bindiga mai ƙyastu da albarushin kasuwa kawai suka bar mana. Duk sarkin da ya mallaki bindiga mai ɗurin baya sai ya san yadda zai yi da ita. Samori Ture, can yamma, ya tara maƙeran da ke ƙera kwafin bindigar Gras ta Faransa, suna kuma sake cika kwansunan da mayaƙansa ke tsintowa a fagen fama. Rabeh ya zo daga Sudan da bindigogin Remington irin na sojan Masar, ya ƙara da makaman ayarin Bafaranshe Crampel da aka hallaka a 1891, ya ci Kukawa a 1893, ya zauna a Dikwa. A 1899 ya murƙushe rundunar Faransawa ta Bretonnet a Togbao har ya kwashe igwa uku. Kakana yakan ce a rundunar Rabeh wanda ya dawo daga yaƙi babu kwansunansa a jaka ya sha bulala. Daga bakin dattawa ya ji, haka ni ma na karɓa.

Ranar 22 ga Afrilun 1900 aka gwabza a Kusuri, Rabeh da kwamandan Faransawa Lamy duk suka kwanta dama. Ranar 29 ga Mayu Emile Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓar kogin, ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973.

Sake cika harsashin wancan zamani bai fi ƙarfin maƙeri ba. Gras, ƙirar 1874, harsashi ɗaya take ci, bakinta milimita 11, kuma baƙin albarushi take sha. Shi baƙin albarushi yana da haƙuri, yana cika kwanson kusan fal, saboda haka da wuya mutum ya zarce ƙima ko da idonsa ne ma'auni. Dalma kuwa ana narka ta a kowace maƙera. Abin da ya gagara shi ne 'yar ƙwayar wutar da ke gindin kwanso, wadda allurar bindiga ke sara. Ita sai fatake sun kawo, don haka ake ɓoyonta fiye da kuɗi. Bayan Faransawa sun zauna daram, sana'ar ta koma hannun maharba, ana yin ta a ƙuryar ɗaki, domin Nasara bai yarda da ita ba.

Tun 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, aka sa shi a bindigar Lebel ta 1886. Wannan ba ya karɓar kintace. Ɗan ƙarin da ido ba zai gani ba ya isa ya tsaga ƙarfe. Su kansu Faransawan sun ɗanɗana. Harsashinsu mai milimita 7.5 da suka fitar a 1924 ya yi kama da na Jamus ƙwarai, har soja kan ɗura na Jamus bisa kuskure bindiga ta fashe masa. Dole a 1929 suka rage tsawon kwanson zuwa milimita 54.

Wannan harsashi ne bindigar MAS-36 ke ci, da ƙanwarta MAS-49/56, ƙirar masana'antar makamai ta Saint-Etienne, wadda aka ƙera fiye da 270,000 daga cikinta. Su Faransa ta bar wa sojojin ƙasashen da ta raina, har da Chadi, bayan 'yancin kai na 11 ga Agustan 1960. Da su aka tunkari boren Mangalme na 1965 da 'yan tawayen FROLINAT da suka biyo baya a 1966. MAS-49/56 gajeriya ce, tana ɗaukar harsashi 10, kuma ita ke ɗura wa kanta: iskar da albarushi ya haifar tana bi ta wani siririn bututu ta tura sakata baya, kwanso ya fita, sabo ya shiga. Tsofaffin sojoji na yabonta da cewa ba ta jin ƙura. Sai dai tana da hali. Allurarta a sake take, babu abin da ke riƙe ta, duk lokacin da sakata ta ruga gaba sai ta ɗan taɓa gindin harsashi. Ƙwayar wutar soja mai tauri ce, ba ta kulawa. In aka sa mai laushi, ko ba ta zauna daidai a raminta ba, ko kwanson ya kumbura ya ƙi shiga sosai, harsashin na iya tashi tun ƙofa ba ta kulle ba, wutar ta dawo fuskar mai harbi.

Ina yaro na ga abin da hakan ke bari. Wani tsohon soja yakan zo maƙerar kawuna shan shayi, hannunsa na dama saura babban yatsa da ɗan ali, gefen fuskarsa da ɗigo-ɗigon baƙi da suka zauna a ƙarƙashin fata. Wani mai gyaran kekuna ne ya cika masa harsasai da albarushin da ya zazzago daga wasu harsasai daban. Ranar da wani maharbi ya kawo wa kawu kwansunan MAS a ƙullin tsumma, kawu ya juya ɗaya a hasken wuta, ya nuna masa 'yan ramuka biyu da ke ciki da wuyan da ya fara tsagewa, ya mayar masa.

"Malam, kawo mini bindigar toka in gyara maka. Wannan kuwa aikin ma'auni ne, ni ba ni da shi."

Maharbin ya ce, "Haba Sarkin Maƙera, mahaifinka ai ya yi wa mahaifina."

"Ya yi masa na Gras. Tambayi Baba Soja ga shi nan zaune."

Tsohon bai ce uffan ba, ya miƙa wannan hannun ya karɓi kofin shayinsa. A ganina kawu ya fi masu ƙarfin halin gwani, ko da yake unguwa ta ɗauke shi matsoraci, kuma kuɗin da ya ƙi wasu suka karɓa.

Ba doka ce ta kashe sana'ar ba, yalwa ce. Yaƙin Fabrairun 1979, sannan na 1980 da ya ɗauki wata tara tsakanin mutanen Hissene Habre da na Goukouni Weddeye, sun cika garin da Kalashnikov, yawancinta ta hanyar Libiya. Mu muka haye Kusuri a kwalekwale kamar sauran jama'a. Da muka dawo, kwansuna sun rufe lunguna, yara na tara su a buhu. Na tagulla maƙera suka saya a kilo suka narka, aka yi zobba da awarwaro da kwalliyar linzami. Na Kalashnikov akasari ƙarfe ne da aka shafa wa fenti, ba ya narkuwa a wutarmu, ba ya kuma sake cikuwa da daɗi. Wa ma zai ɓata dare yana cika guda ɗaya alhali ana sayar da su a akwati? Ita ma Faransa a daidai lokacin ta koma bindigar FAMAS, harsashin 7.5 ya fara ƙarewa a rumbuna, MAS ta zama sandar masu gadi.

Abin mamaki, sana'ar tana nan da ranta a wani wuri. A shekarun 1990 'yan kasuwa suka kwashi tsofaffin MAS-49/56 zuwa Amurka, inda doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa a gida. Kamfanin Century Arms ya sauya wasu zuwa harsashin NATO mai milimita 7.62, kuma waɗannan ba su yi suna mai kyau ba. Masu riƙe da na asali suna sayen sababbin kwansuna, irin waɗanda masana'antar Prvi Partizan ta Sabiya ke yi, suna aiki da littattafan da aka gwada adadinsu a ɗakin gwaji, da sikelin da ke auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, suna neman ƙwayar wuta mai tauri irin ta soja. Wasu har allurar suke sauyawa da marar nauyi, don gudun irin abin da ya sami Baba Soja. Masana'antar Saint-Etienne ta rufe a 2001. Maƙerar kawu kuwa 'ya'yansa ke riƙe da ita, ƙofofi da tagogin ƙarfe suke walda.