Shaihu Umar ya dawo daga Jamus, muryar kakana ba ta dawo ba

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Abuja, na Gwagwalada da na hanyar filin jirgi da sauran makarantu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wanda ke cikin lakca ya bari sai ya koma hostel.

Hutun da ya wuce na je gida na tarar ana kwashe kayan ɗakin marigayi kakanmu, mahaifin Umma. A cikin wata tsohuwar adaka aka fito da kaset-kaset na rediyo kusan ashirin. Ɗaya an rubuta masa da biro: saƙon Alhaji daga Makka. Kafin zuwan waya, matafiyi kan ɗauki muryarsa a kaset ya ba mai dawowa gida ya kai wa iyali. Ni ban taɓa jin muryar kakana ba, ya rasu kafin a haife ni. Kwana biyu muka yi muna neman rikoda mai aiki, da ƙyar muka samu wajen wani mai gyaran rediyo. Aka saka, aka danna. Sallama ta fito, da rabin gaisuwa, sai kiɗan biki ya hau kai. Ashe tun shekarun baya wani a gidan ya ɗauki waƙa a kai don ba shi da kuɗin sabon kaset. Umma ta tashi ta shige ɗaki, ba ta ce uffan ba.

Tunda na dawo makaranta nake bibiyar tarihin abin, na gane cewa abin da ya faru a gidanmu shi ya faru da Arewa gaba ɗaya.

Mu fara da majigi. Wani jami'in lafiya Bature a Legas, William Sellers, shi ya fara amfani da fim wajen faɗakar da jama'a kan ɓeraye da annoba. A 1939 Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Daga nan motocin majigi suka shiga yawo gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, mai sharhi yana fassara da Hausa. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji tsarin, ta riƙa ɗaukar nata finafinan a Kaduna: rangadin Sardauna, hawan daba, tsafta, da fim ɗin manoma irin Baban Larai. Farfaganda ce, babu musu. Amma a cikinta ne kaɗai za ka ga yadda kasuwa da ganuwa da suturar mutane suke suna motsi a wancan zamani.

A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna. Ta ƙofarsa su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suka shiga kowane zaure. Haka tafsirin azumi, da jawaban 'yan siyasa, da wasannin kwaikwayo irin Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi. Matsalar ita ce faifan ɗauka yana da tsada, daga waje ake sayo shi. Don haka al'adar gidajen rediyo da talabijin a duniya ita ce a goge tsohon shiri a ɗora sabo, daidai da abin da aka yi wa kaset ɗin kakana. Kada ku ce mu kaɗai ne. BBC da kanta ta goge ɗimbin shirye-shiryenta, har da sassan wasan Doctor Who. Kun san inda aka tsinci guda tara daga cikin waɗanda suka ɓace? A wani gidan talabijin a Jos, aka sanar a 2013. Wato ɗakin ajiyarmu ya ceci tarihin Turawa, alhali namu yana ruɓewa a gefe.

Yanzu ga labarin da ya sa na yi wannan rubutu. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, da yawanmu mun karanta shi a sakandare. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim na silima, da Hausa, sama da awa biyu, Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu. Ku lura da shekarar: a watan Fabrairun 1976 ne Janar Murtala ya sanar da kafa wannan birnin da muke zaune a ciki. Abuja ta girma, gadoji da benaye, fim ɗin kuwa ya ɓace. Shekaru masu yawa ana ambatonsa a littattafai, babu mai iya kallonsa.

Wani mai shirya fim ɗan Najeriya, Didi Cheeka, da abokansa na ƙungiyar masu son fim ta Legas su suka tono maganar, bayan sun ci karo da ɗaruruwan gwangwanayen fim sun yi tsatsa a tsohon ginin sashen finafinai na zamanin Turawa. A 2016 aka gano asalin zaren Shaihu Umar a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ce ta gyara shi, da tallafin ofishin jakadancin Jamus da ke nan Abuja, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Abin murna ne wallahi. Amma ku ɗan yi tunani: labarin firaministanmu na farko, da harshenmu, sai da aka kai shi Jamus kafin ya sake kalluwa.

Wani zai ce ai wannan zamanin da ne. To mu zo zamanin iyayenmu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Sangaya ya zo a 1999, shekarar da sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa, Wasila kuma a 2000. Dubban finafinai aka zuba a kaset ɗin bidiyo, daga baya a faifan CD. Ɗan kasuwa ya sayar ya ci riba, hankali ya koma kan fim na gaba. A cikinmu wa ya taɓa kallon Turmin Danya? Abin da ake samu a YouTube na wancan zamani yawanci kwafin kwafi ne, hoto dishi-dishi, murya na shaƙewa, wani ya manna lambar wayarsa a tsakiya.

Kuma kayan nan mutuwa suke yi ko ba a taɓa su ba. Zaren fim na farko-farko yana kama wuta da kansa idan zafi ya yi yawa. Wanda ya biyo bayansa, in ya sha zafi da laima, sai ya fara warin tsami, ya kanannaɗe, ya karye. Zaren kaset kuma yana yin danƙo, funfuna ta ci shi. Ko kaset ya tsira, na'urar fa? Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016. Ku tuna zafin Gwagwalada a watan Maris da laimar Agusta, ku ƙiyasta abin da suke yi wa kwali a sito.

Ina ruwan Abuja? Ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti ta ƙasa tana Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai da aka kafa a 1979, wadda Ali Nuhu ya zama shugabanta a Janairun 2024. Amma kuɗin da za a sa mata na'urar sanyaya ɗaki da lantarki a nan ake yanke shi. Hedikwatar NTA da ta Rediyon Najeriya duk suna Garki. A nan ake bikin finafinai na Zuma. Tun da gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, a nan masu sa hannu suke, kuma wasunmu ne za su zauna kujerun nan gobe. In mun je ba mu san darajar kaset ba, za mu sa hannu a zubar da shi a matsayin shara.

Kafin goben, ga abin da ba ya buƙatar kasafin gwamnati. In kun je hutu ku tambayi su Hajiya ina kaset-kaset na gida, na biki da na suna da na karatu. Ku ɓalle ɗan haƙorin roban da ke gefen kaset, shi ke hana a ɗauki wani abu a kai. Wanda ya yi fari-fari da funfuna kada a saka shi a na'ura, zai tsinke ya kuma ɓata na'urar. Mai lafiya a juye shi a kwamfuta, a yi kwafi uku, ɗaya a wani gidan daban. A rubuta wa ke magana, a ina, yaushe, domin murya babu suna rabin asara ce. Kada a jefar da asalin bayan an juye. Masu neman batun firojet a Tarihi da Hausa da Aikin Jarida da Laburare, ga aiki nan jibge, kuma Jami'ar Jos na da digiri na biyu a kan adana finafinai. Sannan ku duba wayoyinku. Saƙon muryar Baba da ke WhatsApp shi ne kaset ɗin Makka na zamaninmu, ranar da aka fizge wayar a tasha ya tafi ke nan.

Ranar 27 ga Oktoba ce UNESCO ta ware don tunawa da gadon sauti da hoto. Ina ba ƙungiyoyinmu na ɗaliban jihohi shawara, maimakon rawar gala kaɗai, a nemi izini a kafa majigi a haska Shaihu Umar, kowa kuma ya zo da abin da ya tsamo daga gida.

Ni dai na juye abin da ya rage na muryar kakana. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Na tura wa Umma, ta ce kullum sai ta saurara bayan sallar asuba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.