Takardar Gwajin Zuciya a Titin Zariya

Kafin a san na'urar auna zuciya a Kano, ido da kunnen mai magani ne awon ciwon zuciya: haki bayan ɗan tattaki, kumburin ƙafa, faɗuwar gaba, tari mai hana kwanciya da dare. Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar ECG a farkon ƙarni na 20, aka ba shi kyautar Nobel a 1924, amma ta daɗe ba ta zama abin talaka ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya fara aiki ne cikin Asibitin Murtala kafin ya tare a mazauninsa na titin Zariya, a Ƙaramar Hukumar Tarauni. Tarewar tasa ta jawo kemis-kemis da wuraren gwaji masu zaman kansu zuwa unguwar Gyadi-Gyadi da ke kusa da shi, har ya zama mutum na iya biyan kuɗi, a manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, ya fito da takarda mai zane-zane ba tare da likita ya tambaye shi komai ba. Matsalar kuwa, takardar ba ta yanke hukunci sai an haɗa ta da jikin mai ita.

Tarihin ciwon zuciyar masu jego ya isa hujja. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka bayyana yawan cutar a Zariya, suka danganta ta da wankan jego, da gasa jiki bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai ɗora wa jiki gishiri. Bayanin ya zauna shekara da shekaru. Sai hoton zuciya ya yaɗu, wanda ke nuna girman zuciya da ƙarfin matsawarta, Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake bin lamarin. Bincikensu bai sami alaƙa mai ƙarfi da waɗannan al'adu ba, ya fi karkata ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Idan masana suka ɗauki shekaru suna gyara fahimtarsu, layi ɗaya na fassara da kwamfutar na'urar ta buga a saman takardar ECG bai isa ya zama ƙarshen magana ba.

Wani zai ce na'ura ba ta ƙarya. Haka ne, tana zana abin da ta ji, amma fassararta na iya kuskure. Waya ɗaya in ta kauce daga gurbinta, zanen ya canza. Siririn saurayi mai buga ƙwallo yakan nuna dogayen layuka da bugu a hankali, kwamfuta ta zarge shi da kaurin zuciya alhali lafiyarsa lau, kuma an san irin wannan zane ya fi yawa ga 'yan asalin Afirka. Mai irin wannan sakamako, in ba ya jin komai, ya kai wa likita takardar cikin natsuwa. Sau tari maimaita gwajin ko yin hoton zuciya ya wadatar.

Wani kuma zai ce to me ya sa za a ɓata kuɗi a kan gwajin? Wannan ra'ayi ya fi na farko haɗari. Hawan jini yakan kaurara zuciya shekaru ba tare da ciwo ba, gwaji ne ke fara tona shi. ECG ɗin kuma na iya fita lafiya lau ga mai cuta. Don haka ciwon ƙirji mai danna mutum, suma, bugu maras tsari tare da jiri, ko haki a kwance, ba sa jiran ranar kilinik, ko me takarda ta ce. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take kwana a zaune don ta sami numfashi a watannin farko bayan haihuwa, kada a ce gajiyar haihuwa ce a ƙara mata ruwan zafi. A kai ta asibiti a ranar, a nemi hoton zuciya.