Abin da Taya Ke Faɗa: Daga Keken Doki Zuwa Tsohuwar Jif

Yau garejin bakanike za mu leƙa, domin akwai tarihi a can.

Duk mun taɓa ganin tsohuwar jif wadda tayarta ta gaba ta cinye ta gefe ɗaya har waya ta fito, alhali ɗaya gefen zanensa garau. Mai motar ya ce tayar ce jabu, ya sayi wata, bayan 'yan watanni ita ma ta bi sahu. Ba laifin taya ba ne. Ita dai shaida ce, tana ba da labarin abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota. Kafin mu fahimci labarin sai mun koma baya shekara 200.

A zamanin keken doki, ƙafafun gaba biyu a jikin sanda ɗaya suke, sandar duka ce ke juyawa a kan ƙusa guda. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, Georg Lankensperger, ya fito da dabarar da kowace ƙafa za ta juya a gurbinta, kuma ta ciki ta fi ta waje lanƙwasa, tunda da'irar da take bi a kwana ta fi ƙanƙanta. A 1818 wakilinsa Rudolph Ackermann, mai buga littattafai a Landan, ya yi wa dabarar rajista a Ingila. Har yau da sunan Ackermann ake kiranta, maƙerin kuwa an kusa mantawa da shi.

Muddin ƙarfe ne ke taka ƙasa, kuskuren saiti bai cika nunawa ba. Roba ce ta tona asiri. Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa roba da farar wuta a 1844, John Boyd Dunlop kuma ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a Belfast a 1888. Roba tana riƙe titi, saboda haka duk ƙafar da ba ta kalli gaba sosai ba, goga za ta yi ta yi tana cin kanta.

Daga nan masu ƙera mota suka tsayar da ma'auni uku, waɗanda su ne abin da muke kira alaimen. Kamba ita ce karkatar saman taya ciki ko waje. Kasta ita ce jinginar sandar da ƙafa ke juyawa a kanta, ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Na ukun Turawa sun sa masa sunan yatsun ƙafa: ko gaban tayoyin biyu ya ɗan kalli juna, ko ya ba juna baya. Wannan na uku shi ya fi saurin cin taya. Mu yi lissafi. Idan tayoyi masu tsayin santimita 75 suka kauce da milimita 3 a tsakaninsu, kowace za ta goga titi a kaikaice kusan mita 2 a duk kilomita ɗaya. Daga Kano zuwa Kaduna kawai, mita ɗaruruwa ke nan.

To me ya sa abin ya fi yawa a tsofaffin jif? Mu ɗauki Toyota Land Cruiser. Samfurin 80 na shekarun 1990 yana da gatari guda a gaba, kamar jikan keken doki. A irinsa kamba daga masana'anta take zuwa a tsaye, don haka idan gefe ɗaya na cinyewa, sai a duba ko bodis ya saki ko gatarin ya lanƙwashe. Samfurin 100 da ya fito a 1998 kuwa, yawancinsa kowace ƙafa ta gaba da nata hannu. Ya fi daɗin zama, amma gaɓoɓin da ke tsufa sun ƙaru: bushin, boljoyin, tayarod. Nauyi da ramukan hanya suna sassauta su a hankali, saitin ya gudu ba tare da direba ya ji ba.

Ga yadda ake karanta shaidar. Tsakiya ta cinye, gefuna na nan: iska ta yi yawa. Gefuna biyu sun cinye, tsakiya na nan: iska ta yi kaɗan. Gefe ɗaya ya siɗe sumul: a fara zargin kamba. An shafa hannu an ji zanen kamar haƙoran zarto, santsi ta nan kaifi ta can: tayoyin ba sa kallon gaba daidai. Kwarmi-kwarmi zagaye da taya: shokabzoba ta mutu, ko balansin ya lalace. Kuma ka'ida ita ce a ɗaga mota a girgiza ƙafa tukuna. Yin alaimen a kan sakakken boljoyin asarar kuɗi ce, ramin farko zai warware shi.

Kada mu ɗauka zancen kuɗi ne kawai. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan haɗurra masu kisa, galibi a jif ƙirar Ford Explorer, inda bayan taya ke ɓarewa ana cikin gudu. Mota mai tsayi ba ta yafe fashewar taya, saurin kifewa take yi. A gida kuma, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta dakatar da tata ta Legas a 2008, muka dogara da tayoyin waje, da yawansu 'yan gwanjo. Wanda ya kasa karanta tayarsa, sau biyu zai biya.

Aikinmu na wannan mako: mu je wurin mai faci na unguwa, mu roƙi izini mu shafa tsofaffin tayoyi uku, mu tambaye shi abin da ya cinye kowacce, mu rubuta amsarsa da kalmominsa. Sai mun ji daga gare ku.