Asabar Ɗin Da Yara Suka Ƙi Karatu

A daren Juma'a 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kafin hantsi labari ya iso mana Sabuwa.

Na leƙa Islamiyyar unguwarmu, yara sun yi tsuru-tsuru. Wata 'yar mitsitsiya ta ce, "Baba, mu ma za a zo ɗaukarmu?"

Na ce, "'Yata, yau ni zan raka kowa har ƙofar gida." Muka yi wa yayyensu addu'a, na kawo tatsuniyar Gizo, sannan muka jera.

Ran 17 ga wata aka sako ɗalibai 344. Yaron da ya firgita, hannun babba yake nema kafin bayani. Allah Ya kiyaye gaba.