Akori-kura Mai Dogayen Ƙafafu: Yadda Hanyoyin Anka, Gummi da Bukkuyum Suka Sauya Siffar Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ranar kasuwa a yammacin Zamfara zai lura da wani abu: akori-kurar da ba a yi wa lodi ba, bayanta a ɗage yake, gabanta a sunkuye, tamkar raƙumi zai durƙusa. Ba haka ta fito daga masana'anta ba. Aikin makanikai ne da masu walda, kuma yana da tarihi.

A Amurka, inda aka fi tallata ɗaga mota da sanya mata manyan tayoyi, abin ya fi karkata ga ado da wasa. A tsakiyar shekarun 1970 wani mutumin jihar Missouri, Bob Chandler, ya riƙa ƙara wa motarsa Ford F-250 tsawo da girman taya har ta zama Bigfoot, wadda daga baya aka riƙa biyan kuɗi don kallon ta tana murƙushe ƙananan motoci. A wannan lokacin ne kuma, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Daga nan 404 da 504, waɗanda jama'a ke kira Fijo, suka bazu a Arewa, kuma samfurinsu mai buɗaɗɗen baya ya zama jakin ƙauye na zamani.

Sai dai an ƙera su ne don ɗaukar kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Direban da zai kwaso buhunan gero da dawa da wake daga ƙauyukan Bukkuyum zuwa kasuwar Nasarawar Burƙullu, ga fasinjoji a kan kaya, ba zai mayar da kuɗin mansa da tan ɗaya ba. Ga kuma ƙasar: Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da rafukan da ke zuba a cikinsu sun yayyanka yankin, kwalta kuwa ba ta wuce babbar hanyar da ta bi ta Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi da 'yan rassanta ba. Saura burji ne da yashi da rani, taɓo da damina.

Maganin da gareji ya samo shi ne ƙara ganyen ƙarfe a sifirin na baya, sau da yawa wanda aka ciro daga babbar mota, sannan mai walda ya ɗaga bodi da ƙarafa domin kaya su hau sama. Amma akwai abin da tsofaffin direbobi suka sani wanda mai sha'awar ado kan manta: sifirin jikin mota kawai yake ɗagawa. Aksil na baya, wanda shi ne ke fara cin ƙasa a rami, ba ya tashi sai an sanya taya mafi girma, kuma rabin abin da aka ƙara a faɗin tayar kaɗai ake samu a tsawo. Da Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta maye gurbin Fijo, dabarar ba ta sauya ba.

Shekarar 2010 ta nuna cewa batun ya wuce ciniki. Lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, ma'aikatan Likitoci Marasa Iyaka da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa sun dogara ne ga motoci masu tsawo da ke jan ƙafa huɗu. Duk da haka damina ta katse aikin kwashe ƙasar har zuwa ƙarshen ruwa. Bagega, wadda ta fi su yawan jama'a, sai 2013 aka fara tsabtace ta.

A ganina, kuskure ne a yi ta yabon wannan hikima ba tare da faɗin farashinta ba. Motar da aka ɗaga, aka kuma jibga mata kaya sama da kan direba, nauyinta ya koma sama, don haka kwana ɗaya mai kaifi ya isa ya kifar da ita. Babbar taya tana wahalar da birki da giya, tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya, tana kuma ƙara shan mai, abin da ya zama babban lissafi tun cire tallafin fetur a Mayun 2023. Waɗanda ke zaune a kan buhunan su ne ke ɗaukar kasadar, alhali ba da su aka yi shawara a gareji ba.

Rashin tsaro ya ƙara wani babi. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da fetur, aka kuma katse layukan waya, sai motocin kasuwa da dama suka koma zaman tasha. 'Yan bindiga sun zaɓi babur, wanda ke ratsa inda ko mafi tsayin akori-kura ba ta iya bi. Hilux kuwa ta ƙara zama motar sojoji da 'yan sanda, da Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. A yau ɗan ƙauyen da ya hango ƙurarta daga nesa yakan tsaya tukuna ya tantance: buhuna ne a bayanta, ko bindiga.