Tarihin Hanyoyin Daɓen Dutse na Ƙauyen Arenberg da Tseren Keke a Arewacin Faransa

Gabatarwa

A arewacin ƙasar Faransa, dab da iyakarta da Beljiyam, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Arenberg, wanda ke ƙarƙashin garin Wallers, kusa da birnin Valenciennes. Daga bakin ƙauyen wata hanya ta miƙe ɗoɗar ta ratsa daji, tsawonta kimanin mita 2,300, faɗinta kuwa wajen mita 3. Ba a shimfiɗa mata kwalta ba, daɓe aka yi mata da sassaƙaƙƙun duwatsu. A yau mahaya keke daga ƙasashe masu yawa kan yi tattaki domin su bi ta kanta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan hanya da 'yan'uwanta na karkarar, ta kuma nuna yadda abin da mutanen wurin suka taɓa jin kunyarsa ya koma abin alfaharinsu, da rawar da keke ya taka wajen hana shi salwanta.

Asalin hanyoyin

Ƙasar wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, mai laka da yawan ruwan sama. Idan ƙasa ta jiƙe, keken doki mai ɗauke da kaya yakan kafe a taɓo. Saboda haka, tun daga ƙarni na 18 zuwa na 19 aka yi ta daɓe hanyoyin ƙauyuka da dutse, domin a sami damar fitar da alkama da wata irin saiwa da ake tatsar sukari daga jikinta. Akan yi wa hanyar doro a tsakiya don ruwa ya gangara gefe.

Baya ga noma, akwai kwal a ƙarƙashin ƙasar. A shekarar 1757 aka kafa kamfanin haƙar kwal na Anzin, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Faransa. Yajin aikin da mahaƙansa suka yi a 1884 shi ne marubuci Emile Zola ya je ya gane wa idonsa kafin ya wallafa littafinsa mai suna Germinal a 1885. A 1900 kamfanin ya fara haƙa wani sabon rami a ƙasar Wallers, ya raɗa masa sunan Yarima Auguste d'Arenberg, ɗaya daga cikin shugabanninsa. An fara fitar da kwal a 1903, aka gina wa ma'aikata gidajen jan bulo a jere, ƙauyen kuma ya ci sunan ramin.

Shigowar keke

A 1895 wasu masu masaƙu biyu na garin Roubaix, Théodore Vienne da Maurice Perez, suka gina filin tseren keke a garinsu. Domin su jawo masa 'yan kallo sai suka shirya tsere daga birnin Faris zuwa can. An yi na farko ran 19 ga Afrilu 1896, mai nisan kilomita 280, wani Bajamushe mai suna Josef Fischer ya zo na ɗaya. Ya kamata a lura cewa a wancan zamani ba wanda ya nemi daɓen dutse da gangan. Irin hanyar da ke akwai ke nan, kowa kuma ita yake bi, da mai noma da mai tsere.

Yaƙin Duniya na Farko ya tsayar da tseren daga 1915 zuwa 1918. Yankin ya faɗa hannun sojan Jamus, aka rusa garuruwa, aka lalata ramukan kwal. Cikin waɗanda suka taɓa cin tseren, François Faber ya mutu a fagen fama a 1915, Octave Lapize kuma a 1917. Da aka dawo a 1919, masu shiri da 'yan jarida suka tarar da kufai da ƙonannun itatuwa, daga nan kirarin nan na "Jahannamar Arewa" ya bi tseren. Ke nan asalin kirarin ɓarnar yaƙi ce, daga baya ne jama'a suka jingina shi ga wahalar dutse.

Zamanin kwalta

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Faransa ta duƙufa ga sake gini. Motoci suka yawaita, aka shiga malala kwalta a kan tsofaffin hanyoyi. A idon magadan gari na ƙauyukan, daɓen dutse alama ce ta talauci da ci baya. Da talabijin ya fara nuna tseren, sai ya zama duk ƙauyen da aka haska da tsohuwar hanyarsa yana ganin an tona masa asiri, kafin shekara ta kewayo sai a rufe ta da kwalta. Sakamakon haka ya bayyana a fili. A 1964 Peter Post na ƙasar Holan ya ci tseren da gudun da ya ɗara kilomita 45 a awa, a 1965 kuwa daɓen da ya rage a hanyar tseren bai wuce kilomita 22 ba. Tseren ya kama hanyar zama kamar kowane tsere.

Shugaban masu shiri, Jacques Goddet, ya ɗora wa Albert Bouvet, wani tsohon ɗan tsere, aikin nemo sauran hanyoyin da kwalta ba ta kai gare su ba. Bouvet ya nemi taimakon Jean Stablinski. An haifi Stablinski a wannan yanki a 1932, iyayensa 'yan ci-rani ne daga ƙasar Polan, shi kansa ya taɓa aikin haƙar kwal kafin ya zama zakaran duniya na tseren keke a 1962. Shi ya nuna hanyar dajin Arenberg, aka sa ta cikin tseren a 1968, shekarar da Eddy Merckx na Beljiyam ya yi nasara. Abin lura a nan shi ne, sanin da ya ceci tseren daga wurin ɗan talakawa ya fito, wanda ya san lungunan karkarar tun yana yaro. Tun daga lokacin aka juya akalar tseren, ya bar manyan tituna ya koma bin hanyoyin gona.

Abin da mahayi ke ratsawa

Tun 1977 daga garin Compiègne ake tashi. Nisan tseren a yanzu kimanin kilomita 260 ne, daga ciki wajen 55 daɓen dutse ne, a rarrabe gida kusan 30. Akan ba kowane yanki tauraro ɗaya zuwa biyar gwargwadon wahalarsa. Uku ne kan sami biyar: Arenberg, da Mons-en-Pévèle, da Carrefour de l'Arbre. A Mons-en-Pévèle ne Sarki Philippe na Huɗu ya gwabza da mutanen Flandre a 1304. Carrefour de l'Arbre kuwa yana gefen filin Bouvines, inda Sarki Philippe Auguste ya ci sarkin Jamus Otto na Huɗu da yaƙi a 1214. Wato wanda ya bi hanyar a kan keke yana ratsa fagagen yaƙin sarakuna da gonaki da unguwannin mahaƙa a wuni guda.

Wahalar Arenberg ma tana da nasaba da tarihinta. Ramukan da aka haƙa a ƙarƙashi sun sa ƙasa ta lotsa, duwatsu suka karkace, har wani tafki mai suna Mare à Goriaux ya samu a kusa. Inuwar daji kuma kan bar dutsen da danshi da gansakuka. A nan Johan Museeuw ya faɗi a 1998 ya fasa ƙoƙon gwiwa, har aka yi fargabar yanke masa ƙafa. A 2005 aka cire hanyar daga tseren, aka gyara ta, aka mayar da ita a 2006.

Daga kunya zuwa gado

An rufe ramin Arenberg a 1989, na ƙarshe a duk yankin kuma a 1990. Masaƙun Roubaix su ma suka durƙushe, rashin aiki ya yi katutu. A cikin wannan hali ne ra'ayin mutane ya sauya. Wata ƙungiyar sa-kai mai suna Les Amis de Paris-Roubaix ta ɗauki nauyin kiyaye hanyoyin, ɗaliban makarantun koyon aikin lambu na yankin kan zo su tone duwatsu su sake jera su, tun 2023 kuma akan saki awaki su cinye ciyawar da ke fitowa tsakaninsu. A 1993 aka fitar da fim ɗin Germinal wanda aka ɗauka a ramin Arenberg. A 2012 Hukumar UNESCO ta sa yankin haƙar kwal ɗin cikin kayan gado na duniya. Babban tseren kewaya Faransa ya yada zango a ƙofar ramin a 2010 da 2014 da 2022. Ana gobe tsere, dubban masu sha'awa kan bi hanyoyin da kekunansu, wanda ya ci tseren kuwa kyautarsa dutse ne irin na daɓen.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa waɗannan hanyoyi sun tsira ne saboda an ci gaba da takawa a kansu. Da keken doki ya kau, keken hawa ya gaje shi, ya ba su amfanin da ya hana a binne su. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Sai dai akwai tambayar da ta cancanci nazari: shin shagalin kwana ɗaya a shekara zai iya riƙe tarihin mutanen da suka yi shekara 86 suna shiga ramin? A bakin hanyar dajin an kafa dutsen tunawa da Stablinski, wanda ya rasu a 2007, hasumiyoyin ramin guda uku kuma suna nan tsaye a bayansa.