Majami'un Katolika na karkara a gundumar Mayo

Majami'un Katolika na karkara a gundumar Mayo su ne wuraren ibadar mabiya ɗarikar Katolika da ke ƙauyukan Mayo, a lardin Connacht da ke yammacin Ireland. Kowace majami'a tana ƙarƙashin farish, wato yankin da firist yake kula da shi, kuma yawancin waɗannan yankuna sun kasu tsakanin dayosis uku: Tuam da Killala da Achonry. Kiristanci ya shiga yankin tun ƙarni na 5, amma mafi yawan gine-ginen da ake ibada a cikinsu yau na ƙarni na 19 ne zuwa gaba, domin tsofaffin sun fita daga hannun Katolika na tsawon lokaci.

Zamanin takurawa

A ƙarni na 16, bayan Sarki Henry na Takwas na Ingila ya raba gari da Paparoma, an rufe gidajen sufaye, tsofaffin majami'u kuma suka koma hannun cocin gwamnati na Furotesta ko suka zama kufai. Mutanen Mayo kuwa akasarinsu ba su bar Katolika ba. Daga ƙarshen ƙarni na 17 majalisar dokoki ta kafa dokoki masu tsanani a kansu. Dokar 1697 ta kori bishop-bishop da sufaye daga ƙasar, ta 1704 kuma ta wajabta wa kowane firist yin rajista da hukuma. Akwai masu farautar firistoci don lada, wanda ya fi suna a Mayo shi ne Seán na Sagart.

A wannan zamani mutane kan taru a ɓoye don Misa, babbar ibadar Katolika, a bayan tudu ko cikin kwari, a ɗora kayan ibada a kan faffaɗan dutse. Har yanzu ana nuna irin waɗannan duwatsu a ƙauyuka. Akwai kuma al'adar yin Misa a gidajen manoma bi da bi, maƙwabta su taru a gidan da layi ya zo kansa. Wannan al'ada ta daɗe a yammacin ƙasar ko bayan an gina majami'u.

Sake gini

An fara sassauta dokokin daga 1778, sannan a 1829 aka ba Katolika damar shiga majalisa bayan gwagwarmayar Daniel O'Connell. Majami'un farko na wannan lokaci ƙanana ne, da rufin ciyawa da daɓen ƙasa, kujeru kaɗan ne ko babu, jama'a na tsaye ko a durƙushe. Daga baya aka koma ginin dutse, da yawa a siffar harafin T don kowa ya hango bagade. Talakawan manoma ne suka ɗauki nauyin aikin: wani ya ba da 'yan kuɗi, wani ya kawo dutse, wani ya ba da ƙarfinsa. Suna yin haka alhali doka tana karɓar ushiri daga gare su don cocin gwamnati da ba sa zuwa.

Babbar Yunwa da ta fara a 1845, sakamakon cutar da ta lalata dankali, ta tsayar da ayyuka da dama. Yawan mutanen Mayo ya ragu daga kimanin 389,000 a 1841 zuwa kimanin 274,000 a 1851, saboda mutuwa da ƙaura. Bayan yunwar, kuɗin da 'yan ƙaura ke aikowa daga Amurka da Birtaniya ya taimaka wajen ci gaba da gini. John MacHale, babban bishop na Tuam daga 1834 zuwa 1881, shi ne jagoran cocin a mafi yawan gundumar a wannan lokaci.

Ballintubber da Knock

Sarkin Connacht Cathal Crobhdearg O'Conor ne ya kafa Ballintubber a 1216. Sojojin Cromwell sun ƙona ta a 1653, amma jama'a suka ci gaba da ibada a cikinta babu rufi. An fara gyara ta a 1846, yunwa ta katse aikin, ba a kammala rufin babban zauren ba sai 1966, shekarar da ta cika 750.

Majami'ar Knock kuwa ƙaramar majami'ar ƙauye ce da aka gina a 1828. A ranar 21 ga Agusta 1879, mutum 15 suka ba da shaidar ganin Maryamu da Yusufu da Yahaya mai bishara a jikin bangonta. Daga nan ƙauyen ya zama wurin ziyarar ibada. An buɗe babbar majami'a a can a 1976, Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci wurin a 1979, Paparoma Francis kuma a 2018.

Halin da ake ciki

A ƙarni na 20 Mayo na cikin yankunan da ke tura firistoci ƙasashen waje. Ƙungiyar mishan ta SMA, wadda ta yi aiki a Kaduna da Jos, ta taɓa samun makarantar horo a Ballinafad cikin gundumar. Yau abin ya juya. Masu zuwa ibada sun ragu, firistoci sun yi ƙaranci kuma sun manyanta, har firist ɗaya kan kula da majami'u da yawa, wasu kuma ba a yin Misa a cikinsu kowace Lahadi. Firistoci daga Najeriya da Indiya na cikin masu hidima a Ireland yanzu. Duk da haka, majami'ar ƙauye ita ce inda ake baftisma da ɗaurin aure da jana'iza, kuma 'yan ƙaura da jikokinsu kan dawo neman sunayen kakanninsu a littattafan rajistarta.